Talla Ba Ta Riƙe Waƙa Shekara Sittin

A watan Nuwamban 2023 wata waƙa mai suna Now and Then ta hau lamba ta ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya. Masu waƙar su ne Beatles, ƙungiyar samari huɗu 'yan Liverpool wadda ta watse tun 1970. Biyu daga cikinsu sun daɗe a kabari: an harbe John Lennon a New York ranar 8 ga Disamban 1980, George Harrison kuma ciwon daji ya yi ajalinsa a Nuwamban 2001. Sauran biyun, Paul McCartney da Ringo Starr, kowannensu ya haura shekara tamanin. Rabon da ƙungiyar ta riƙe wannan matsayi a ƙasarta tun 1969, wato shekara 54 ke nan.

Na kawo wannan labari a wata majalisa da muke zama da yamma, mu 'yan karance-karance. Wani abokina malami, mutumin da nake girmama iliminsa, ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, ya yanke hukunci cikin jimla uku. Ya ce tsofaffin Turawa ne ke kewar ƙuruciyarsu. Ya ce kamfani ne ke tono gawa yana sayarwa. Ya ce kuma tun asali ma kiɗan baƙar fata suka sata, farar fatarsu ta sa duniya ta yi musu tafi. Majalisa ta ɗauki dariya, aka kira magariba, muka tashi ban ba shi amsa ba. Amsar ce nake kawowa yanzu, domin ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, kuma ra'ayin ya fi ƙarfin Beatles. Wata irin lalaci ce da ta yi shigar wayewa: duk abin da jama'a masu yawa suka daɗe suna so, sai mai ilimi ya nemo dalilin da zai nuna cewa wawaye ne aka yaudara. Ni ban yarda miliyoyin mutane, iyaye da 'ya'ya da jikoki, za su yi shekara sittin cikin yaudara ɗaya ba.

Mu fara da zancen kewa, domin shi ne mafi sauƙin rushewa. Yarinyar da ke da shekara 16 a ranar 9 ga Fabrairun 1964, daren da mutum wajen miliyan 73 suka kalli Beatles a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka, ta kai shekara 75 lokacin da Now and Then ta fito. Da masu irin shekarunta ne kaɗai masoya, da kasuwar tana raguwa duk lokacin da aka kai ɗaya makwancinsa. Abin da ya faru akasin haka ne. A shekarar 2000 aka tattara waƙoƙinsu 27 a kundi ɗaya mai suna 1, kuma a Amurka babu kundin da ya kai shi ciniki a tsawon shekaru goma na 2000 zuwa 2009, duk da cewa zamanin Eminem da Britney Spears ne. Sai ranar 24 ga Disamban 2015 aka saka waƙoƙinsu a manhajojin sauraro na intanet. Kafin shekara takwas ta cika, waƙar Harrison ta 1969, Here Comes the Sun, ta wuce sauraro biliyan ɗaya a Spotify. Malam, ka gaya mini, kakanni nawa ne za su taru su danna waya sau biliyan ɗaya? Kuma yaron da aka haifa a 2003, wace ƙuruciyar 1969 yake kewa?

Akwai hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Kewa ba ta zaɓe. Mai kewar ƙuruciya yana kewar komai nata, har takalmin roba da ƙamshin sabulun da aka daina yi. To a Liverpool ɗin nan, a daidai wannan lokaci, akwai wata ƙungiya mai suna Gerry and the Pacemakers. Gari ɗaya suke da Beatles, manaja ɗaya, wato Brian Epstein, mai tsara musu sauti ɗaya, wato George Martin, kamfani ɗaya, wato EMI. A 1963 waƙoƙinsu uku na farko duk sun hau lamba ta ɗaya a Birtaniya, abin da Beatles kansu ba su yi ba, domin waƙarsu ta farko, Love Me Do, a lamba ta 17 ta tsaya. Yau me ya rage na Gerry da mutanensa a kunnen duniya? Waƙar da magoya bayan Liverpool ke rerawa a filin Anfield, wadda duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya sani, ita ma ba su suka tsara ta ba, kuma ƙwallo ce ta raya ta. Haka Herman's Hermits da Dave Clark Five suka cika kasuwar Amurka a tsakiyar shekarun 1960. 'Yan matan da suka yi wa Beatles ihu su ne suka yi wa waɗannan ihu. Idan kewa ce ke aiki, me ya sa ta ɗauki ɗaya ta bar sauran?

Sai zancen talla. A nan zan ba abokina gaskiyarsa kafin in karɓe. Beatles haja ce, an kuma sayar da ita da wayo. Epstein ne ya cire musu rigunan fata da suka saba sawa a mashayun Hamburg, ya sa musu kwat iri ɗaya, ya koya musu rusunawa bayan kowace waƙa. Bayan sun watse an sake sayar da waƙoƙin nan sau da yawa: a faifan garmaho, a kaset, a faifan CD a 1987, a shirin Anthology na 1995, a gyararren sauti na 2009, a iTunes a 2010. A 1985 Michael Jackson ya biya dala miliyan 47.5 ya sayi kamfanin da ke riƙe da haƙƙin mallakar yawancin waƙoƙin Lennon da McCartney, kuma ba don Allah ya saya ba. Duk wannan gaskiya ne. Abin tambaya shi ne wane ne ya ja wani, kasuwa ce ta ja soyayya ko soyayya ce ta ja kasuwa?

Tarihi ya amsa. Ranar 1 ga Janairun 1962 kamfanin Decca ya gwada su ya ƙi ɗaukarsu. A 1963 kamfanin Capitol na Amurka, wanda mallakar EMI ne, ya yi ta ƙin fitar da waƙoƙinsu, sai da ya ga ihun da ake yi a Ingila ya wuce misali sannan ya shigo. Gidan rawar Cavern, ramin ƙarƙashin ƙasa inda suka yi wasa kusan sau 300, an rufe shi a 1973 aka cike shi da ɓaraguzai, domin hukumomi ba su ga amfaninsa ba. Baƙi suka yi ta zuwa daga nesa suna tambayar inda yake, suna tsayawa a kan fili suna ɗaukar hoto, har aka sake gina shi a 1984. Daga baya ne birnin ya farga, ya sa wa filin jirgin samansa sunan John Lennon, hukumar adana kayan tarihi ta National Trust ta karɓi gidajen da Lennon da McCartney suka tashi. Masoya ne suka riga zuwa, 'yan kasuwa suka biyo sawu da buhu.

In kana son ganin soyayyar da babu hannun kamfani a cikinta, duba inda aka hana kamfanin shiga. A Tarayyar Sobiyet gwamnati ba ta yarda da wannan kiɗa ba, babu allon talla, babu shagon da ke sayar da kundinsu a fili. Matasa suka riƙa kwafar waƙoƙin Yamma a kan tsofaffin hotunan ƙashi da asibitoci suka zubar, su yanka su da'ira, su huda tsakiya, su ɗora a garmaho, kafin zamanin kaset ya sauƙaƙa musu. Mutum na iya shiga matsala a makaranta ko wurin aiki saboda wannan. Wa ya biya su? A birnin Prague, bayan kashe Lennon, matasa suka mayar da wata katanga wurin rubuta sunansa da koke-kokensu, 'yan sanda na shafewa suna sake rubutawa, katangar tana nan har yau. A Cuba, inda aka toshe waƙoƙinsu daga rediyo a shekarun 1960, Fidel Castro da kansa ya buɗe mutum-mutumin Lennon a Havana a Disamban 2000. A 2003 McCartney ya yi wasa a dandalin Red Square na Mosko, a gaban mutanen da suka girma suna sauraronsa a ɓoye. Ga kuma ɗaya gefen: a 1966 masu kuɗi a Amurka suka haɗa wata ƙungiya mai suna Monkees musamman don shirin talabijin, suka zuba mata duk tallar da kuɗi ke saye. Ta yi kasuwa sosai, tana da waƙoƙi masu daɗi, amma ba wanda ya taɓa jin an yi mata katanga a Prague. Talla tana iya cika fili yau da gobe. Shekara sittin kuwa sai abin da ke cikin tukunya.

To me ke cikin tukunyar? Wannan ita ce tambayar da masu kaɗa hannu ba sa son a yi, domin amsarta tana buƙatar a zauna a saurara.

Na farko, wahala. Kafin kowa ya san su, daga 1960 zuwa 1962, sun yi ta zuwa Hamburg ta Jamus suna kiɗa a mashayun unguwar matuƙa jirgin ruwa, sa'o'i da yawa kowane dare, gaban mashayan da ba sa jin kunyar jifa da kwalba. A zuwansu na farko a bayan wani gidan sinima suke kwana, kusa da banɗaki. Harrison bai kai shekara 18 ba, har aka kore shi daga ƙasar saboda ƙarancin shekaru. Duk wanda ya san yadda yaron makaɗi ke shekaru yana amshi kafin a ba shi baki zai gane wannan makaranta. Da suka shiga situdiyo ranar 11 ga Fabrairun 1963, waƙoƙi goma suka ɗauka a yini ɗaya don kundinsu na farko, Lennon na fama da mura, suka bar Twist and Shout ta zama ta ƙarshe saboda sun san za ta yaga masa maƙogwaro. Ka saurari wannan waƙa, za ka ji muryar mutumin da ya san ba shi da ta sake yi.

Na biyu, ƙin zama wuri ɗaya. Tsakanin waƙarsu ta farko a Oktoban 1962 da kundin Abbey Road a Satumban 1969 shekara bakwai ce kacal. A cikinta suka ɗauki waƙoƙi sama da 200, kuma lokacin da suka rabu babu wanda ya cika shekara 30 a cikinsu. Ɗan kasuwa idan ya sami hajar da ke tafiya, maimaita ta yake yi har ta mutu. Su kuwa a lokacin da kuɗi ya fi zubowa suka juya wa filin wasa baya. A Agustan 1965 mutum fiye da 55,000 suka cika filin Shea na New York, ihu ya hana su jin kansu. Shekara guda bayan nan, ranar 29 ga Agustan 1966 a San Francisco, suka yi wasan kuɗi na ƙarshe suka koma situdiyo. Tun kafin nan ma, a can suka sa gogen Turawa a Yesterday, Harrison ya shigo da sitar ta Indiya a Norwegian Wood ya kuma je ya durƙusa gaban Ravi Shankar neman ilimi, suka gina Tomorrow Never Knows kusan a kan sauti ɗaya da zaren rikoda da ake juyawa baya. Kundin Sgt. Pepper na 1967 da na'urar da ke ɗaukar layin sauti huɗu kawai aka yi shi, wayar da ke aljihunka ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Wanda ya sayi faifansu a 1964 bai san abin da zai ji a 1966 ba. Wannan ba ɗabi'ar masu tatsar jama'a ba ce.

Na uku, kuma shi ne asirin daɗewar, waƙoƙin suna da ɗakuna da yawa, kowane shekaru da ɗakin da zai shiga. Yaro ɗan shekara biyar yana da Yellow Submarine. Saurayi yana da waƙoƙin soyayyar farko. Amma ka ɗauki Eleanor Rigby ta 1966: labarin tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, ta mutu ba wanda ya zo jana'izarta sai limamin cocin da shi ma kaɗaici ke cinsa. Babu ganga, babu jita, goge takwas ne kawai da murya, cikin minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. Ɗan shekara 23 ne ya tsara ta, a lokacin da 'yan mata ke suma idan sun gan shi. She's Leaving Home labarin 'yar da ta gudu daga gida da asuba ne, kuma waƙar ta ba iyayen baki su ma su yi kukansu. Idan ka ji ta kana shekara 18 kana bayan yarinyar, idan ka sake jin ta kana da 'ya budurwa sai ka tarar ka koma wajen iyayen ba tare da ka sani ba. In My Life tunawa ce da wurare da mutane, rayayyu da matattu, shi ya sa ake sa ta a biki ake kuma sa ta a makoki. Hey Jude McCartney ya fara ta ne don lallashin Julian, ƙaramin ɗan Lennon, lokacin da auren iyayensa ke mutuwa. Masoyin da ya shekara arba'in yana jin waɗannan waƙoƙi ba abu ɗaya yake maimaitawa ba. Shi ne ke canzawa, waƙar kuma tana da wurin da za ta sauke shi duk lokacin da ya dawo.

Akwai gwajin da kowane mai kunne ya sani. Waƙar da adon situdiyo ke riƙe da ita tana mutuwa idan aka tuɓe mata adon. Waƙar gaske kuwa ko mai daka ta ɗauke ta da baki kawai, tana nan da ranta. Waƙoƙin Beatles sun ci wannan gwaji a bakin dubban mawaƙa, kuma wannan ya kawo mu ga tuhuma ta uku, wadda ta fi sauran nauyi.

Ba zan raina ta ba. Kiɗan rock daga baƙaƙen Amurka ya fito, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka ƙirƙire shi sun mutu ba su ga kashi ɗaya cikin ɗari na abin da Turawan da suka biyo bayansu suka samu ba. Liverpool kanta da kuɗin cinikin bayi aka gina wani ɓangare na arzikinta. Kundayen farko na Beatles cike suke da waƙoƙin Chuck Berry, Little Richard, Smokey Robinson, Marvelettes da Arthur Alexander. Mai riƙe da haƙƙin waƙoƙin Chuck Berry ya kai ƙarar Lennon kan Come Together, aka sasanta a 1973. Kalmomin da suka zama sunan waƙar Ob-La-Di, Ob-La-Da daga bakin Jimmy Scott suka fito, wani makaɗin ganga ɗan Nijeriya mazaunin Landan, wanda daga baya ya nemi a biya shi. Da McCartney ya zo Legas a 1973 ɗaukar kundin Band on the Run, Fela Kuti ya fito fili ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da ya gayyace shi situdiyo ya kunna masa abin da yake ɗauka. Fela yana da dalilin zargi, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma ɓarawo ɓoye inda ya samo kaya yake yi. Waɗannan yaran kuwa duk inda aka miƙa musu makirufo sai sun ambaci iyayen gidansu, a lokacin da yawancin fararen Amurka ba su damu su san sunayen ba. Kamfanin da ya fara fitar da su a Amurka, bayan Capitol ya ƙi, shi ne Vee-Jay na Chicago, mallakar baƙar fata. A Satumban 1964 aka shirya musu wasa a Jacksonville ta jihar Florida, suka ce ba za su hau dandali ba idan an raba farare da baƙaƙe, kuma ba a raba ba. Sun sa Mary Wells ta Motown a rangadinsu na Birtaniya a wannan shekarar. A 1969 suka rubuta sunan Billy Preston tare da nasu a kan faifan Get Back.

Sannan ga shaidar da ba ni da abin ƙarawa a kanta. Ella Fitzgerald ta rera Can't Buy Me Love tun 1964. Otis Redding ya ɗauki Day Tripper. Ray Charles ya rera Yesterday da Eleanor Rigby. Wilson Pickett ya yi Hey Jude, Aretha Franklin ta yi Let It Be, Stevie Wonder ya yi We Can Work It Out, Nina Simone ta yi Here Comes the Sun. A 2024 Beyoncé ta ɗauki Blackbird, wadda McCartney ya ce gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen Amurka ce ta sa shi tsara ta, ta rera tare da wasu mata baƙaƙe huɗu. Malam, kana so ka ce Ray Charles bai san kayan gidansu ba ne, har aka sayar masa da abin da aka sace masa? Ko Nina Simone, matar da ba ta taɓa raga wa farar fata ba, talla ce ta rufe mata ido? Gwanaye ne suka ji waƙa suka ga akwai abin da za su iya zama a cikinsa. Zaluncin da kasuwar waƙa ta yi wa baƙaƙe gaskiya ne, a kuma ci gaba da faɗinsa. Ingancin waƙoƙin nan ma gaskiya ne. Mai hankali yana iya riƙe biyun a hannu ɗaya.

Kada masoya su ɗauka na zo wanke su ne. Akwai cikinsu waɗanda suka mayar da so bauta, kuma da su ma nake. Akwai masu cewa waƙa ta mutu a 1970, waɗanda ba su taɓa buɗe kunne ga wani sabon abu ba, alhali mutanen da suke bauta wa sun yi suna ne da kwaɗayin sabon abu. Akwai masu sayen kundi ɗaya sau biyar saboda an canza masa kwali. Akwai waɗanda suka shekara hamsin suna zagin Yoko Ono cewa ita ta raba ƙungiyar, saboda ya fi sauƙi a ɗora wa mace baƙuwa laifi a kan a yarda cewa maza huɗu sun gaji da juna, manajansu ya mutu a 1967, rikicin kuɗi ya shiga tsakaninsu. Fim ɗin Get Back na Peter Jackson, wanda ya fito a 2021 mai tsawon kusan sa'a takwas, ya nuna ta zaune tana karanta jarida yayin da su ke gardamarsu. Akwai masu mayar da Lennon waliyyin zaman lafiya, alhali shi da bakinsa ya amsa a 1980 cewa ya taɓa dukan mata, kuma bai riƙe ɗansa na fari yadda ya kamata ba. Kada mu manta, mutumin da ya harbe shi ya karɓi sa hannunsa a kan faifai sa'o'i kaɗan kafin nan. Son da ya bar waƙa ya koma kan jikin mawaƙi ciwo ne. Ita kanta Now and Then, wadda aka ciro muryar Lennon daga wani tsohon kaset da taimakon ƙirƙirarriyar basira, har ta ci kyautar Grammy a 2025, a kunnena ba ta kai sahun manyan waƙoƙinsu ba. Mai son gaskiya yana iya faɗin haka bai fita daga so ba.

Amma akwai wani nau'in masoya da nake cire wa hula, kuma saboda su na yi wannan rubutu. Su ne waɗanda suka mayar da so aiki. Wani Bature mai suna Mark Lewisohn ya zauna ya saurari zaren rikodar da EMI ta adana, ya fitar da littafi a 1988 wanda ya bi zaman situdiyonsu rana bayan rana: wace waƙa, sau nawa aka gwada, wa ya kaɗa me. Saboda irinsa, da injiniyoyin da ba su zubar da zare ba, da iyayen da suka kunna wa 'ya'yansu faifai a mota, yarinyar da aka haifa bayan mutuwar Harrison tana iya jin muryarsa tas kamar jiya aka ɗauka, ta kuma san ranar da aka ɗauka. Waƙa mai kyau ita ce sharaɗi na farko. Sharaɗi na biyu shi ne mutanen da za su tsaya mata.

A nan ne maganar abokina ta fi yi mini ciwo. Wanda ya saba kallon soyayyar jama'a a matsayin wauta ba zai tsaya a kan Beatles ba, gida zai kawo wannan ido. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Masoyansu ba su ragu ba, ka shiga kowace tasha ka ji. Amma waƙoƙin suna yawo ne daga waya zuwa waya, an kwafa an sake kwafa har sautin ya dushe, da yawa ba shekara, ba wurin da aka ɗauka, ba sunan mai kalangu ko 'yan amshi. Ƙalilan ne suka ɗauki wahalar bin diddigi suka rubuta, Allah ya saka musu. Mu sauran 'yan majalisa, da muke da ilimin da za mu taya su, mun fi gwanancewa a bayanin dalilin da ya sa abin da wasu suka adana bai cancanci adanawa ba. Laifi tudu ne.

Don haka, Malam, ga abin da nake nema a wurinka. Ban ce ka so Beatles ba, kunne ba a yi masa dole. Ka ba ni minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi ranar da muka sake zama, in kunna maka labarin tsohuwar nan da ba wanda ya zo jana'izarta, ka saurara har ƙarshe ba tare da ka kaɗa hannu ba. In ka gama ka ce ba ta yi maka ba, na karɓa. Daga nan kuma sai ka ɗauko mana kaset ɗin Shata da ka ce mahaifinka ya bari a akwati, mu ga ko zaren bai riga ya manne ba.